Injin Kafen da Ba Ya Tsaki

Ko na tsufa na mance sunayen jikokina, ba zan mance ranar da Baba ya zaɓo injin kafe ba. Lokacin ban daɗe da gama lakwal, wato makarantar boko, ba, Nasara kuma sun fara ɗaure kayansu a Filinge.

Baba tela ne, yana da wani taubashi a Bonkuku, tsohon soja da ya yi yaƙi a Faransa, muna ce masa Baba Sarzan. Duk ranar kasuwa sai ya sauka gidanmu, ya kurɓi shayin Baba, ya yamutsa fuska. "Bawana, wanga ai wankin ƙwarya na. Ka taɓa shan kafen da inji ya matso? Baƙi, ɗan kaɗan, mai tashe matacce!" Abokan Baba su yi ta dariya. Ran nan abin ya ishi Baba, ya rantse a gabansu cewa kasuwa mai zuwa Sarzan zai sha irin wannan kafe a zaurensa.

Sai ga lokotoron Nasara na asibiti zai koma gida, ana gwanjon kayansa. Baba ya tafi da ni don ina jin Faransanci. Inji biyu muka tarar, 'yan tukwanen ƙarfe masu siririn ƙugu, ruwa a ƙasa, gari a tsakiya, tururi ya turo kafe sama. Ɗaya ya yi baƙi, ɗayan yana ƙyalli kamar wata a cikin rijiya. Ni dai can na tsaya ina kallon fuskata a jikinsa.

Baba ya ce a gwada su yadda ake gwada tulu. Aka zuba ruwa, aka ɗora bisa gawayi. Baƙin ya soma tsaki, tururi na fita ta wata 'yar ƙofa a gefensa. Mai ƙyallin ya yi shiru.

"Wancan yoyo shikai," in ji Baba. "Ɗiyata, ɗauko mai kunyar."

Ba mu san kanwar ruwan rijiya ce ta toshe masa 'yar ƙofar ba.

Ranar kasuwa zaure ya cika. Inna ta daka kafen ya yi laushi kamar garin kunu, Baba ya danƙara shi da babban yatsa don kada a ce ya yi rowa. Sarzan ya zauna kusa da wuta cikin farar riga, lambobinsa na yaƙi a ƙirji, yana ba da labarin yadda igwa ke faɗuwa gabansa bai ko ƙifta ido ba. Ni ina bakin ƙofa riƙe da kofuna. Injin ya yi shiru, shirun ya yi tsawo.

Sai ji muka yi fam! Kan injin ya bugi rufin zaure, baƙin ruwa ya sauko kamar yayyafin farkon damina. Da tururi ya washe kowa na zaune wurinsa, ban da mutum ɗaya. Ƙafafun Sarzan kawai muke gani, sun leƙo daga ƙarƙashin teburin ɗinki, yana ihu, "Ku kwanta! Ku kwanta!"

Baba ya share gemunsa, ya duƙa a hankali. "Sarzan, hito, an gama yaƙin. Ka ce shina tashe matacce, ashe har mai rai shina kwantarwa."

Aka yi dariya har da hawaye, shi ma da ya rarrafo waje, riga duk ɗigo, sai da ya dara. Bai ƙara zagin shayinmu ba.

Washegari Baba ya koma ya sayo baƙin nan mai tsaki, wanda har yau yake hannuna. Tun daga ranar na daina yarda da abin da ke kan wuta ya yi shiru, inji ne ko mutum. Shi ya sa da masu neman aurena suka zo, na bar mai ƙyalli, na zaɓi wanda in ransa ya ɓaci sai ya faɗa.