Kwalaben Ya Kellu

Ya Kellu ta shekara talatin tana haɗa turaren wuta a unguwar Gwange, kuma ba ta taɓa roƙon kowa ba.

Da ambaliya ta janye, 'yan unguwa suka yi karo-karo don waɗanda ruwa ya ci gidajensu. Wani ya kawo shinkafa, wani tabarma. Ita ma ruwan bai ƙyale ɗakinta ba, kwalaben turare shida kawai suka tsira a saman sif, su ne jarinta duka. Ta kwaso su ta dire gaban Malam Ajimi, mai karɓar gudummawa.

"Ya Kellu, turare za su ci?" in ji shi.

"Malam, ka taɓa kwana a ɗaki mai warin laka? Karɓi kawai."

Ya karɓa don kunya. Kwalba ɗaya ta faɗa hannun Mu'mina matar tela, wadda ta wanke ɗakinta sau uku amma wari ya hana ta komawa, tana zaune da 'ya'yanta a makarantar da suka fake. Ranar ta zuba garwashi a kasko, ta turara ɗakin, ta kwaso kayanta ta dawo gida.

Matan da suka samu kwalaben nan, su suka haɗa wa Ya Kellu itacen turare da sukari, ta koma sana'a. Har yau ba sa sayen na kowa sai nata. Malam Ajimi ma yana zuwa saye, wai matarsa ce ta aiko shi.