Hannun da Ya Riƙe Wuyan Auta

Kafin likitoci su iso, Inna Kar-a-motsa ta riga ta buɗe ɗakin ɗaukar hoto na asibiti, ta goge gadon na'urar nan mai baki kamar rijiya, ta fara raba mata da 'yan kunne da awarwaro. Yara ne suka laƙaba mata sunan, don kalmarta ke nan kullum. A watan nan za ta yi ritaya, ni kuwa bakina ba zai yi shiru ba.

Autata ce ta kai ni wurinta. Wuyan yarinyar ya karkace, cokali ya fara suɓuce mata. Kakarta ta ce mugun kwanciya ne, a kai wa maɗori ya ja. Da na biye mata, wallahi da yanzu wani zancen ake yi.

Aka tura Auta cikin na'ura, ƙara ta cika ɗakin. Ina bayan gilashi ina kallo. Sai na ga Inna ta tsayar da aiki, ta shiga a natse, ta jawo gadon. Auta ta yunƙura za ta tashi, Inna ta tallafe mata kai da hannu biyu.

"'Yata, wa ya yi miki kitson nan? Kwanta in gani, kar a motsa."

Na leƙo ƙofa, ta ce da ni ƙasa-ƙasa, "Baban Auta, kira likita. Kar ta ga kana gudu."

Na dawo na tarar da ita a sunkuye, gumi na ɗiga, tana tsokanar Auta wai kitson ya fi na amarya. Ba ta saki ba sai da aka sa wa Auta abin tallafe wuya. Likita ya nuna min hoton: ƙashin farko, can ƙarƙashin ƙeya, tun haihuwa bai zauna daidai ba, yana danne laka, jijiyar nan ta cikin ƙashin baya. Juyi ɗaya mai ƙarfi, shi ke nan.

Inna, ke ce kika ga mutuwa a allo kika yi mata hirar kitso. Masu sharar asibitin sun ce ba Auta ce ta farko ba. Allah Ya saka miki. Masu gadon kujerarki, ku koyi ɓoye firgici a gaban yaro.

An yi aiki an ɗaure ƙashin, wuyan Auta ba ya juyawa yanzu. In kin kira ta ranar sallamarki, da dukkan jikinta za ta waiwayo, tsaye da ƙafafunta.