Saƙon Baba Idi Daga Foraj na Uku

Akwai ranar da ba za ta fita raina ba har in koma ga Mahaliccina: wata Laraba cikin watan Afrilu, shekara huɗu ke nan, ina mai tsaron ɗakin wuta a fadamar noman rani ta Jiratawa. Ku da kuka shigo aikin nan bana kuna ganin na cika faɗa a kan salula, har na ji wasunku na kirana jandarma a bayan idona. To ku zauna ku ji dalili.

Ga wanda bai san aikin ba, ƙungiyar manoman da muke wa aiki tana da foraj shida, wato rijiyoyin burtsatse, kowace da injin da ke jawo ruwa zuwa gonakin albasa, tumatir da zogale. Wutar dukansu daga ɗaki ɗaya take fita, inda akwai tablo, wato allon wuta mai makunni shida, a bango. Aikina shi ne in an ɗauke wuta daga gari in sauke makunnan duka, don kada ta dawo da ƙarfi ta ƙona injuna. In ta dawo kuma in ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Sama da ni akwai makanikinmu, Baba Idi, mutumin Tsibiri, wanda ya fara aikin tun ban iya ɗaura wando ba. Sama da shi sai shef, mai ofis a Maradi.

Dokar aikin a fili take. Duk wanda zai taɓa kabul, wato wayar wutar wani foraj, sai ya zo ɗakin wuta da ƙafarsa, ya sa kwado a makunnin, ya jefa makulli a aljihunsa. Amma foraj na uku yana can ƙarshen fadama, kuma kun san zafin ranar Afrilu. Da salula ta wadata sai muka bar kwado yana tsatsa a ƙusa, muka koma aika saƙon murya. Shef ya sani, bai taɓa cewa uffan ba. Shekara biyu muna haka lafiya lau, mu kuwa muka ɗauka wayo ne.

A watan ne na sayi sabuwar salula a Sabon Gari, irin wadda allonta ke rabuwa biyu: bidiyo na tafiya a sama, kana amsa saƙonni a ƙasa. Ni kuma mayen kokowa ne, ko karawar da na san ƙarshenta sai in sake kallo sau goma. Baba Idi ya taɓa leƙa allon ya ce, "Kai ɗan birni, ido biyu Allah ya ba ka, amma ai wuri guda suke kallo." Na ce, "Baba, zamani ne. Kai dai rage mana huɗuba." Don shi saƙonsa ba ya ƙarewa. Sai ya yi sallama, ya tambayi gajiya, da zafi, da mutanen gida, da jikin tsohuwata, sannan can a wutsiya ya faɗi abin da ya kawo shi.

Ran nan tun hantsi aka ɗauke wuta. Na sauke makunnai, na ja benci zuwa inuwa, na kunna kokowa. Wajen sha biyu da rabi saƙon Baba Idi ya shigo. Ban tsayar da bidiyon ba, na danna saƙon a ƙasan allo. Sautin ganguna ya ragu, muryarsa ta taso: "Salamu alaikum, Laminu, ina wuni, ina gajiya, ya zahi..." Daidai nan wani ƙato ya kama ƙafar ɗan'uwansa ya ɗaga. Idona ya tafi can, hankalina ya bi shi. Muryar Baba ta ci gaba da zuba a kunnena kamar rediyon maƙwabci. Da ta tsaya na aika masa hoton babban yatsa, alamar na ji. Wallahi ban ji komai ba ban da gaisuwa.

Bayan azahar wuta ta dawo. Kafin in miƙe manoma uku sun iso bakin ƙofa, ɗayansu na cewa, "Malam Laminu, albasa na mutuwa hwa, tun sahe ba ruwa!" Na shiga, salula a hannun hagu, kokowa na ci. Na ɗaga na ɗaya, na ɗaga na biyu, na ɗaga na uku. Na ukun ya faɗo da kansa da ƙara, fas! Makunni ba ya faɗowa banza, ko ɗan koyo ya san sai an bincika. Ni da na shekara bakwai a ɗakin sai na ja tsaki na sake ɗaga shi. Wannan ɗagawa ta biyu ita ce har yau take hana ni cin abinci in na tuna.

Ya sake faɗowa. Sai kira ya shigo ya rufe bidiyon, wani manomi daga ƙarshen fadama yana ihu: "Kashe kuran! Kashe wutar! Idi na ƙasa!"

Na same shi kwance gefen foraj, rigarsa na hayaƙi, hannun damansa ya yi baƙi har gwiwa. Yana numfashi, amma bai san inda yake ba. A amalanke muka fito da shi bakin kwalta, wata mota ta kai mu likita, wato asibiti, a Maradi. A barandar likitan ne na sa salula a kunne na saurari saƙon tun daga farko har ƙarshe. Bayan gaisuwa ya ce, "Na iske kabul na uku ya ɓare, zan gyara tunda babu kuran. Ko ta dawo kada ka ɗaga uku sai na kira ka. Ka jiya?" A ƙarƙashinsa ga yatsana a tsaye. Na ji tsoro, na ji kunya, na tsani kaina.

Kwana huɗu likitoci na fama, a na biyar suka yanke hannun ƙasa da gwiwa. Shef ya kira ni ofis don rubuta rahoto. Ya riga ya fara: makaniki ya taɓa kabul ba tare da sa kwado ba. Gaskiya ne, kuma da na yi shiru da a nan maganar ta tsaya. Ya ɗago kai ya ce, "Laminu, ya sanar da kai?" Na ajiye salula a teburinsa na kunna. Da ya gama ji ya ce, "To mi kake yi da ba ka ji ba?" Na ce, "Shef, kokowa nike kallo." Ya yage takardar ya ɗauko wata. An dakatar da ni wata uku. Daga baya na ji cewa kora aka so yi, Baba Idi ne ya aika ɗansa wajen shef ya ce ina da iyali, a bar ni.

Sai da na yi wata biyu kafin in iya zuwa Tsibiri. Na tsaya ƙofar gidansa na yi sallama. Ya fito da kansa, ya rame, hannun riga ɗaya an naɗe an ɗaure da allura. Na durƙusa zan fara magana ya ce, "Tashi. Ni ma na san inda kwado yake." Bai ce ba laifina ba ne, kuma na gode da bai faɗa ba, don da ƙarya ce.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku ɗauka. A aikin wuta, in ka ce wa mutum ka ji, ransa ya damƙa maka, ya juya baya ya kama kabul. Hankali kuwa ba ya rabuwa biyu, komai tsadar salularka. Shi ya sa a ɗakin nan ba mai kallon komai, kuma ba mai taɓa kabul sai makulli na aljihunsa, ko rana za ta narka shi a hanya. Mutanen sana'ar nan suna da yafiya, amma kada ku yi fatan ganin irinta. Da zan tafi ran nan Baba Idi ya rako ni har bakin hanya, ya miƙo mini hannun da ya rage ya ce, "Yi haƙuri da hagu, Laminu."