Tagar Muhandis Arkadi

Shekara tara Buraima, magini ɗan Damagaram, yana ɗora bulo bisa zanen Muhandis Arkadi, wato injiniya, kuma ba su taɓa gina komai ba sai ɗakunan ajiyar kaya a Birnin Masana'antu na Biyu. Arkadi mutumin Rasha ne, haifaffen Omsk, dogo, jajur, ga taurin kai na bugawa a jarida. Zanen gidaje ya karanta, amma neman abinci ya kawo shi Riyad yana zana wa buhuna makwanci. Abin yana cin sa, Buraima kuma ke shan masifar.

Da wani attajiri ya ba Arkadi aikin gida a unguwar Al-Shifa, dattijon kamar ya taka rawa. Ya zana wata ƙatuwar taga a bene, kusan faɗin bangon. Buraima na ganin takardar ya ce tagar nan tsakar gidan maƙwabci take kallo, inda iyalin mutum ke shanya da shan iska, kuma a garin nan ba a haka. Ya faɗa da Larabci, ya faɗa da guntun Turancinsa, har da hannu ya kwatanta. Arkadi ya ce aikin magini ɗora bulo.

Buraima ya haɗiye haushinsa ya gina, ya kuma gina ta da kyau. Wata rana suna shan shayi Arkadi ya ba shi labarin mahaifiyarsa, wadda ta tsufa a ɗaki mai duhu, tana jan kujera tana bin ɗan hasken ranar da ke leƙowa lokacin sanyi. Tun yana yaro yake son ya yi wa wani babbar taga.

Ba a yi sati da saka gilashi ba maƙwabci ya kawo ƙara. Attajirin bai ja ba, ya kira magini.

"Buraima, toshe ta. Yau nake so, ba bukra ba."

Aka cire gilashi, Buraima ya kwaɓa siminti yana ƙunƙuni. Shi ya yi gargaɗi, shi ya gina, shi kuma zai toshe. Takaici ya ishe shi. Arkadi na tsaye a bayansa, yana miƙo masa bulo ɗaya bayan ɗaya. Da aka kai layin ƙarshe, can inda idon mutum ba ya kaiwa, Buraima ya ƙi karɓa.

"Ajiye, Muhandis. Nan sama kaɗai take kallo."

Ta gurbin da ya bari haske ya faɗo ƙasa, bai fi faɗin tafin hannu ba. Arkadi ya jawo bokitin fenti, ya kifa shi daidai wurin, ya zauna.