Jan Akwatin Sifana

Har in koma ga Allah ba na jin zan manta da ranar da garkar Babana ta kusa mutuwa saboda wani jan akwati da na zaɓo da hannuna.

Ina lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram lokacin, Baba kuma yana noman tumatir da salati a garkarsa wajen Mirriya. Wata Asabar ya ce in sayo masa akwatin sifana, irin mai kawuna daban-daban da ake sauyawa a kan mariƙi ɗaya mai ƙas-ƙas, don kwance injin ban ruwa in ya yi gardama. "Ba kullum zan taɓa shi ba," ya ce, "amma ki samo mai ƙwari."

A kasuwa wani dattijo mai kayan ƙarfe ya miƙo mini wani ƙaramin akwati, launin toka, kawuna goma kacal, ba kyan gani. Idona kuwa ya riga ya faɗa kan wani ja a rumfar gaba. Da aka buɗe shi, ƙarafan suna jere suna walƙiya kamar kayan ɗakin amarya. Na karanta Faransancin da ke jikin murfin, an rubuta cewa ƙarfe ne na ƙwararru. Ni a lokacin duk abin da aka buga a takarda gaskiya ne. Na rungumo shi.

Ya yi wata huɗu a ƙarƙashin gadon Baba. Sai tsakiyar bazara, ina gida hutu, injin ya daina jan ruwa da sassafe. Baba ya sa kan sifanar a notin farko, ya danna. Na ji ƙaras, mariƙin ya zame. Ya sake dannawa, kan ya tsage gida biyu, ya kuma cinye kusurwoyin notin.

Bai yi faɗa ba, abin da ya fi damuna ke nan. Ya dubi fangalin tumatir da suka fara fure, ya dubi rana, ya ce, "In suka kai gobe ba ruwa, shi ke nan bana."

Na kasa tsayuwa wuri ɗaya. Na ɗauki guga na fara ja daga rijiya, na zuba biyar, ƙasa ta shanye kamar ban zuba ba. Na ajiye gugan, na sake ɗauka. Daga ƙarshe na ƙulle tsagaggen ƙarfen a bakin mayafina na tare mota zuwa gari. Duk tsayawar da direba ya yi, sai in ga ganyen salati yana kwantawa a idona.

A kasuwa, dattijon nan mai kayan ƙarfe ya gane ni. "A'a, 'yar lakwal! Ina jan akwatinki?"

Na kwance mayafi na nuna masa. Ya yi dariya kaɗan, da ya ga hawaye ya daina.

"Zo, 'yata. Ni ban iya karatun Nasara ba, da kunne nake saye." Ya ciro mariƙi daga ƙaramin akwatin nan mai launin toka, ya kai kusa da kunnena ya juya a hankali. Ƙarar siririya ce, a jere, ba tsalle. "Kin ji? Haƙoransa ƙanana ne, sun kama juna. Ɗaga ki ji nauyi. Leƙa cikin kan nan, kusurwa nawa?"

"Shida, Baba."

"Mai shida ke rungumar noti. Naki mai kusurwa barkatai ne, ga ƙarfen kamar gwangwani. Ce wa mahaifinki ya doka wannan a kan notin da guduma kafin ya juya."

Na sayi akwatin nasa, na iso garka bayan la'asar. Baba ya doka, ya danna. Notin ya yi ƙara ya saki. Ashe guntun leda ne ya naɗe a cikin injin. Da ruwa ya fito ya bi kwalbati, na durƙusa na sa hannuwana a ciki.

Tumatir ya tashi. Salatin kuwa, fangali uku, bai sake ɗagowa ba. Baba ya tuge shi washegari, ina biye da shi da kwando.

Ƙaramin akwatin mai launin toka yana nan har yau, ko kai ɗaya bai tsage ba. Abin da na koya shi ne, kayan da ba a taɓawa sai ranar matsuwa, shi ya fi bukatar a zaɓe shi da kyau, don ranar ba ta ba da damar gwaji na biyu. Har yanzu ina son abu mai kyau, ina son rubutu. Amma kafin in saya, sai na ɗaga na ji nauyi, na kai kunne na saurara.