Baba Zakariya, Mai Ƙera Ƙafa da Ƙarfen Keke

Kafin masu shayi su gama hura wuta, Baba Zakariya ya riga ya jingine kekensa a gindin dalbejiyar da ke bayan kasuwar Gusau. Zai shimfiɗa buhu, ya jera sifana da filaya da guduma, ya cire hula ya yi 'yar addu'arsa a tsaye, sannan ya zauna. Daga nan har la'asar sai faci da ɗaurin sarƙa da miƙe ƙafar keke. Mai wucewa zai ce mai gyaran keke ne kawai, shi ma kuwa haka yake cewa. To, ƙarshen watan nan zai naɗe buhun, don ido ya fara gardama, hannu ya soma rawa. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da shi ba zai faɗa ba ko an matse shi.

Aikin jirgin ƙasa ne ya kawo shi Gusau daga kudancin Zariya yana saurayi. Da ya bar aikin ya kama gyaran keke, wata rana wata nas ta kawo masa karyayyen takalmin ƙarfe, irin wanda ake sa wa yaran da shan inna ta shanye wa ƙafa, wai ya ɗinke. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya ce ai wannan ba gyara kaɗai ba, zai iya ƙera sabo. Sanda biyu daga jikin mataccen keke, maɗauran fata daga wurin dukawa, sai takalmi a ƙasa. Tun daga nan ake sallama a gindin dalbejiyar daga Ruwan Ɓore, daga Bunguɗu, daga ƙauyukan da ko sunansu bai taɓa ji ba. Ku je Tsafe ku tambayi Maimuna tela da wace ƙafa take zuwa shagonta.

Awonsa kuwa da takarda yake yi. Yakan ɗora ƙafar yaro a kan shafi ya zagaye ta da fensir. Takardun daga dilar tsofaffin jaridun Ingila suke fitowa, waɗanda 'yan kasuwa ke saye don ƙunshe kaya, a cikinsu kuma akan tsinci littattafan zane na 'ya'yan Turawa. Su ya fi so, don yaro kan shagala da kallo ya bar mutsu-mutsu. Amma mu faɗi gaskiya, dattijon nan da kansa ya kamu. Akwai wani labari na mutanen ƙarfe, runduna biyu masu yaƙi da juna a wata duniya, yanzu ka ga mutum tsaye, an jima ya naɗe jikinsa ya rikiɗa ya zama mota ko jirgin sama. Shafukan ba sa zuwa a jere, don rabinsu sun tafi da tsiren wani. Sai ka gan shi ya kafa tabarau yana musu da mai zanen: “Wannan gwiwar ba za ta taɓa lanƙwasuwa ba.” Matarsa Marta in ta kawo abinci takan ce, “Dattijon coci guda, ka zauna kallon gwangwanaye suna dambe.”

A kakar 1987 wani makiyayi mai suna Jibo ya zo daga rugarsu kusa da Kekun Waje, ɗauke da 'yarsa Tambaya a kafaɗa. Ba ta wuce shekara tara ba, ƙafarta ta hagu ta shanye, da rarrafe take yawo.

Jibo ya ce, “Malam Zakariya, in shanu sunka cinye karan gonaki, kudu za mu yi. Bara uwatta Inno ta goya ta, bana ga ta da ciki. Jaki na ɗaukatta kan hanya, amma in an sauka hwa? In ba ta takawa, sai in bar ta Tsahe wurin gwaggona.”

A gaban yarinyar ya faɗa, ita kuwa ba ta ɗago kai ba.

Zakariya ya yi awo, ya ƙera takalmin. Ranar da Inno ta kawo ta gwaji, Tambaya na ganin ƙarfe da maɗaurai ta ja da baya har ta bugi itace.

Ta ce, “Dabaibayi na! Irin wanda aka sa ma jaki don kar shi bi garke. So kuke ku ɗaure ni ku tahi.”

Aka yi lallashi, aka yi tsawa, a banza. Abin ya yi wa Zakariya zafi ƙwarai, don bai taɓa kallon aikin hannunsa ta wannan fuska ba. Ya ajiye takalmin, ya ce da Inno ta je ta sayar da nononta. Sai ya ɗauko takardar awon yarinyar ya shimfiɗa a ƙasa, kamar ba da ita yake ba. A tsakiyar zanen ƙafarta akwai wani ƙaton mutumin ƙarfe, baƙi, mai ƙaho biyu.

Can ta matso. “Wanga mai ƙahon, shi na babban bijiminsu?”

Zakariya yana ɗan tsintar Turanci, ya kuma san Mai Ƙaho shi ne shugaban mugaye. Amma wa zai gaya wa 'yar makiyayi cewa mai ƙaho ne mugu? Ya ce, “Shi ne babbansu.” Ya lalubo wani shafi inda aka harbe wa Mai Ƙaho ƙafa, mutanensa sun kewaye shi suna ɗaura masa sabuwa.

Ta daɗe tana kallo. “Da sunka sa mai, ya bi su?”

“Amsar tana shafin da na rataye a ƙusar can jikin itace. Ni bayana ciwo yake, ba zan iya ɗaukowa ba. Mai rarrafe kuwa hannunsa ba zai kai ba.”

Ta harare shi harara mai kyau, sannan ta miƙo ƙafar.

Haka aka yi ta yi duk ranar da Inno ta shigo gari da nono. Ƙusar tana ƙara nisa, daga itace zuwa rumfar mai shayi, daga can zuwa bakin titi. Ta faɗi, ta ƙuje gwiwa, ta yi kuka, ta tashi. Shi kuma ya bi masu tsire da masu ƙosai rumfa-rumfa yana roƙon shafukan Mai Ƙaho, har suka fara cewa tsufa ya taɓa shi. Kai ne, Baba, mai furfura da tabarau, kake tsugunawa gaban dilar takarda kana tono kamar kaza, ana dariya kana dariya. Duk da haka, in hanya ta yi tsawo, Tambaya takan zauna ta ɗaga hannu a ɗauke ta. Karan gonaki kuwa sai ƙarewa yake.

Ana nan sai ga shafin da bai so gani ba. An ragargaza Mai Ƙaho, yana kwance guntu-guntu, mutanensa sun rikiɗa jirage sun tashi. Marta ta ce, “Kawo in hura wuta da shi. Ka ce mata bai zo ba.”

Ya ce, “In ta kama ni da ƙarya sau ɗaya, ba za ta sake yarda ta ɗora nauyinta a kan ƙarfena ba.”

Wannan shafin bai rataye shi ba, a hannu ya ba ta. Ya gaya mata an ci Mai Ƙaho da yaƙi, ya kuma gaya mata abin da ya daɗe yana kewayewa, cewa masu labarin a mugu suka ɗauke shi. Zancen mugunta ko a jikinta. Ta ɗora yatsa a kan jiragen da ke tashi.

“Waɗanga nashi na?”

“Nasa ne.”

“Sunka bar shi nan?”

“Sun bar shi.”

Shi kuwa yana ganin ya rushe aikinsa da bakinsa. Sai ta sunkuya ta ƙara tamke maɗauran da kanta. Da Inno ta dawo ta durƙusa za ta goya ta zuwa tasha, Tambaya ta ce, “Bari, Inna. Shige gaba.” Masu shayi sun shaida, har tashar motocin Bunguɗu ta taka, tana ɗingishi, tana haɗa gumi, ba ta ɗaga wa kowa hannu ba.

Daga nan Inno ta daina zuwa. Zakariya ya kasa sukuni. Wata safiya ya sa sababbin maɗaurai a aljihu, ya hau keke har Kekun Waje. Ya tarar da ruga fayau, sai turaku da toka. Ya tsaya yana tunanin ko ya juya ya nufi Tsafe ya tambaya. Sai ya bi hanyar shanun da kallo zuwa inda ta gangara rafi. A kan damshin yashi, tsakanin sawun kofatai, ga ɗan sawu na ƙafa tsirara, kusa da shi ga na takalmi, da ɗigo biyu na ƙarfe dama da hagu. Ya tura kekensa yana bin sawun har bakin ruwa, ya gan shi ya fito a tsallake. Ya ce da waƙa ya koma Gusau ranar nan.

Sannu da aiki, Baba Zakariya. Kai ne ka mai da mataccen keke ƙafar mai rai, ba ka taɓa tambayar yaro addinin ubansa kafin ka ɗauki fensir ba. Mun gode, Allah ya saka, ya ba ka hutu mai daɗi kai da Marta.

Ku kuma masu gyaran keke na Gusau da Tsafe da Bunguɗu, guduma ɗaya kuke riƙewa da shi. Gidansa ba ɓoyayye ba ne, ya kuma ce ƙofa a buɗe take. Ku je ku zauna gabansa tun hannun nan yana iya nuna muku, don a wata ruga yanzu haka akwai yarinyar da ke jin ana shawarar inda za a bar ta.