Wa Zai Karanta Ɗigon Jan-farcenki, Yaya?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin, sha ɗaya ga watan Agusta, da hantsi, Allah Ya karɓi ran shugabar ɗakin gwajin ƙwayoyin cuta na asibitinmu, wadda kowa ke kira Alƙaliya, ni kuma nake kira Yaya. A bakin famfon wanke hannu ta yanke jiki ta faɗi, da farar rigar aiki a jikinta. Kafin a hau da ita bene, rai ya yi halinsa. Shekarunta hamsin da takwas. Ashirin da biyu daga ciki tare muka yi su, ita a ƙasa da kwalabenta, ni a sama, a ɗakin yara marasa lafiya.

Yaya, ni na laƙaba miki Alƙaliya, kuma da tsiya na yi. Na ce ban taɓa ganin wanda ake kawo wa bayan gidan jarirai ya zauna yana yi masa shari'a ba sai ke. Kika ce to ai gara ke, masu laifinki ba sa ɗaukar lauya. Sunan ya bi ki har gida. Maigidanki da bakinsa ya gaya mini cewa a duk faɗin duniya matarsa kaɗai ake kai wa kashi a kwalba ta yi godiya.

Ga wanda bai san aikinki ba: akwai wata ƙwayar cuta, E. coli, da ke zaune a hanjin kowa. Yawancin danginta salihai ne, ba ruwansu da kowa. Amma a cikinsu akwai masu ɗauke da guba a jinin gadonsu, kuma in an shuka su a farantin gwaji duk kamarsu ɗaya. "Fuska ɗaya, hali daban," haka kike cewa, "kamar 'yan kwamitin asibiti." Aikinki shi ne ki tono abin da kowace ta gada. Ki haɗa ruwan magunguna a 'yan mitsi-mitsin kwalabe, ki sa a inji, ki jira awa uku, sannan ki duba wasu 'yan layuka masu haske a ɗaki mai duhu. Inda layi ya tsaya shi ke faɗin irin gubar. Wata gudawar ruwa kawai take sawa, a ƙara wa yaro ruwa ya tashi. Wata kuwa jini take zubarwa, ta wuce ta cinye ƙoda. Ita wannan, in likita ya yi gaggawar ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, kamar ya jefi gidan rina ne: ƙwayar na iya amayar da gubarta gaba ɗaya.

A littafi na karanta wannan, amma a hannunki na koye shi. Wata Laraba, ina tsakiyar rubuta wa wani yaro magani, sai ga ki kin hawo bene kina haki, safar roba a hannunki.

"Sarkin sauri, ajiye biron nan."

"Yaya, a gaban marasa lafiya?"

"A gaban uwarsa ma. Mai cin ƙoda ce. Ba shi ruwa, ka zauna ka yi ta kallonsa, tunda kallo ba ya kisa."

Na ajiye, ina cika ina batsewa. Yaron nan yanzu direban babbar mota ne, yana da gemu ya fi nawa. Shi ya fara sa kafaɗa a makararki.

Ba ki tsaya a ɗakin gwaji ba. In yara uku suka zo daga layi ɗaya, sai ki ɗauki jakarki ki bi su har bakin rijiyarsu. Kin sha zagi a wurin masu sayar da ruwa, kin sha kora a mahauta. Kin zauna a tabarmar matan da ba su san sunanki ba kina nuna musu yadda ake auna gishiri da sukari, in sun yi kuskure ki yi dariya ki ce a sake. Ban taɓa jin kin ce wa uwa ita ta jawo wa ɗanta ba. Mu likitoci kuwa, wannan kalmar a bakinmu take kwana.

Yanzu bari in faɗi abin da ya hana ni zama. Sau huɗu kina rubuto takarda a ba ki wanda za ki koya wa aikin nan. Ni ne shugaban kwamitin da ya karanta takardun. Duk wanda muka tura miki, mako biyu yake yi ya dawo yana roƙon a mai da shi ɗakin gwajin jini, wai tufafinsa na wari, wai matarsa ta raba masa kwano. Mu kuma mu yi dariya mu sa hannu. Na tuna abin da na ce miki a karo na huɗu: "Yaya, ina za ki je? Ke da injin nan sai dai a binne ku tare." Kika dube ni ta saman tabarau, kika naɗe takardarki kika sauka. Da ma kin zage ni.

Kwana uku da rasuwarki aka kawo mini yarinya 'yar shekara uku, 'yar wani tela, tana gudawar jini. Tana gadon da ke jikin taga. In atini ne irin wanda muka saba, magani zai tashe ta cikin kwana biyu, jinkiri kuma zai iya cutar da ita. In mai cin ƙoda ce, maganin da zan ba ta da hannuna zai iya ƙarasa ta. Da kina nan, kafin la'asar na san wanne ne.

Na sauka ɗakinki da kaina. Takalminki na roba na nan a ƙarƙashin kujera. Na buɗe firiza na jawo akwatunan, sai na tarar ba rubutu a kan kwalaben magungunan gwajin. Ashe tawada gogewa take yi a cikin ƙanƙara, shi ya sa shekara da shekaru da jan-farce kike yi musu alama. Ɗigo ɗaya ja. Ɗigo biyu ja. Ja da ruwan hoda. Wani da ɗan layi a gefe. Na juye littattafan aikinki shafi-shafi: sakamako duk yana nan, tsaf, da kyakkyawan rubutunki, amma fassarar ɗigon tana cikin kanki, kanki kuma mun rufe shi da ƙasa ranar Litinin. Ni da ake cewa na cinye littattafai, na tsaya a gaban kayan kwalliyar mata ina zare ido kamar baƙauye a tashar jirgi. Na yi kasada na haɗa, na sa a inji, na jira awa ukun. Ko layi ɗaya bai fito ba.

Mun aika samfurin bayan gidan yarinyar zuwa wani babban ɗakin gwaji mai nisa. Sun ce kwana tara.

Uban yarinyar ya tare ni a baranda, tef ɗin auna kaya na rataye a wuyansa, don daga shago ya taho. "Likita, don girman Allah, ko allura ɗaya ce. Ruwa kawai kuke ta sa mata. Ruwa ai muna da shi a gida." Na ce ya yi haƙuri. Ya ce haƙurin me, tunda ban gaya masa abin da ke damunta ba. Gaskiyarsa. Ban sani ba.

Na hana maganin, Yaya. Na zaɓi abin da nake jin za ki zaɓa, ba tare da hujjar da ba kya motsi sai da ita ba. Ina auna fitsarinta duk awa. Na yau bai kai na jiya ba, ƙafafunta kuma sun fara tasawa.

Saboda haka wannan ta'aziyya roƙo ce kuma. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin nan, ko na mako biyun ne, ko wanda ya gudu saboda wari, in ka tuna abin da ɗigo biyu ja yake nufi, ka zo. Ba mai yi maka gori. Wanda ya sa hannu a takardar gudunka shi ke kiranka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta, da 'ya'yanta huɗu, da ƙannenta, da iyayen yaran da suka yi cincirindo a ƙofar gidanta ba wanda ya gayyace su. Allah Ya ba ku haƙurin rashi, Ya tsaya muku.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya. Ya yafe miki kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa kowane yaro da ya tashi ta dalilinki ya zama shaida a gare ki. Mu kuma da muka yi dariya muka sa hannu, Allah Ya yafe mana, kada Ya kama 'yar tela da laifinmu. Amin.